Hannun Aro a Shagon Inna Kamala

Kwanakin baya ɗiyar ƙanwata ta same ni ina tankaɗen garin sassaƙe, ta tsaya tana kallona kamar ta ga mai kunna wuta da ƙyastu. Ta ce, "Tanti, wannan sana'a taku ai ba wuya. Mace ta rubuto ciwonta ta waya, ki ɗaure fakiti ki aika mata, an gama." Ban ce mata ba haka ba ne, domin ban cika son yanke hukunci da wuri ba, kuma mai yiwuwa zamani ya gano abin da ni ban sani ba. Na dai ce ta zauna. Abin da na faɗa mata ranar shi nake son rubutawa nan, don ita da ire-irenta masu ganin haɗa maganin mata bai wuce awo da ɗauri ba. Ba cewa nake ni gwana ce ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya a cikin aikin, kuma har yau in na auna abu sai na sauke shi na sake aunawa.

Ni ban gaji magani ba. Ni ƴar Maradi ce, ubana tela. Karatun sinadaran jikin ɗan Adam ya kai ni Villeurbanne, a gefen Lyon, inda na yi shekara biyar a wani ɗakin ɗalibai da in na miƙa hannu biyu sai na taɓa bango biyu. A can akwai wata Hajiya Rabi, matar wani Alhaji ɗan Damagaram mai shigo da kaya. Gidanta muke zuwa ranar Lahadi, mu ɗaliban Nijar, mu ci tuwo da miyar kuka ta gaskiya. Ni ta fi ja a jiki. "Ɗiyata" take ce mini, ita ta saya mini rigar sanyi ta farko, ita ta zauna kaina sati guda da na yi masassara. Ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba, ban kuma taɓa haɗa ido da ita fiye da ƙiftawa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Da na karɓi diflom, takardar gama karatu, a farkon shekarun tamanin, na hau Paris neman aiki a ɗakin gwaji. Kowa ya karɓi takardata da fara'a, ba wanda ya kira ni. Aikin da na samu shi ne a wani shagon kayan yaji a gefen unguwar Goutte d'Or, na wata dattijuwa ƴar Indiya mai suna Kamala, wadda matanmu suka mayar Inna Kamala. Ta gaji maganin ƙasarsu wurin kakanta, ta kuma yi suna a kan abu guda, jinin al'ada mai yawa. Matsalarta ita ce matanmu na shigowa su nuna ciki da yatsa su yi shiru. Tana neman mai jin Hausa da Faransanci. Ta dubi diflom ɗina ta ce yana da kyau, ta miƙa mini ƙwarya ta ce in wanke shinkafa.

Wata uku ina wanke shinkafa. Ba don a ci ba. Ruwan wankin ake so, domin da shi ake shan garin magani a wurinsu. Wanki na farko a zubar, na biyu a murza da hannu har ya yi fari kamar tsinkakken nono, a tace. In ya kwana ya lalace. Na taɓa tambayarta dalilin da ya sa sai ruwan shinkafa, ta ce yana sanyaya jini. Na ce a karatuna ban ga inda aka auna zafin jini ta wannan fuska ba, ko da yake ba duk littattafai na karanta ba. Ta ce, "To ki ci gaba da wankewa har ki gama karanta su."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Turmin dutse baƙi wanda mutum biyu ke ɗagawa, sikelin tagulla, rariya uku, tukunyar ƙasa, da wani tsinke mai tsaga huɗu da take auna ruwan tukunya da shi. Sassaƙen bishiyar da suke kira ashoka shi ne uban tafiya, sai wani mai suna lodhra, sai ɓawon rumman. Ana dafa su a wuta marar ƙarfi har ruwan ya sauko daga tsagar sama zuwa ta ƙasa. Ba zan faɗi awon ba, kada wata ta karanta ta gwada a kicin ɗinta a ce ni na sa ta. Ni tsinken nan bai kwanta mini ba, sai na sayo kwalbar awo mai lambobi irin ta ɗakin gwaji. Sati biyu ina gwada shi da ita a ɓoye. Kullum daidai suke fitowa. Na mayar da kwalbar wurin ajiye furanni.

Rubutun fakiti kuwa nawa ne, kuma nan na fi wahalar da kaina. Dokar ƙasar ba ta yarda mai shago ya ce ganye na warkar da ciwo ba, don haka a takarda mu masu sayar da kayan miya ne. Kullum aka buɗe ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi, in ɗauka masu bincike ne. Sai na riƙa rubuta wa kowane fakiti gargaɗi da Hausa da Faransanci: mai yiwuwa ya taimaka, mai yiwuwa bai taimaka ba, ba madadin likita ba ne, in an ji jiri a daina, in ba a ji ba ma a lura. Wata mata ƴar Tahoua ta karanta ta ce, "Malama, ke da kanki ba ki yarda da shi ba, ni zan sha?" Amma ta saya, kuma ta dawo.

Dokokin Inna Kamala uku ne, kuma su ne sana'ar, sauran duk daka ne da tankaɗe. Ta farko hannu: sai ta ɗora yatsu uku a wuyan hannun mace ta saurari bugun jini. Ban san ko kimiyya ta amince da duk abin da take cewa tana ji ba, amma na san bugu mai sauri marar ƙarfi ba ya ƙarya. Ta biyu ido: ta ja fatar ido ta ƙasa ta leƙa. In ja ce, to. In ta yi fari kamar auduga, ba magani, ko da mace za ta yi kuka ta yi birgima, sai takarda zuwa asibiti. Takan ce sassaƙe na rage zuba, amma ba ya mayar da abin da ya riga ya zube, ba ya kuma cire abin da ya tsiro a ciki. Ta uku, kofin farko a sha shi a gabanta, don ta ga yadda ciki ya karɓa. Kuma yana da ɗaci irin wanda ke sa mutum tuno laifinsa.

To, a nan aka samu saɓani da mutanenmu. Mu a gida babba ba ya zuwa wurin mai magani da ƙafarsa, aike yake yi. Ka je ka faɗi ciwon uwarka ko na matarka, a ƙulla maka ka kawo, ba wanda ya ga laifi. Sau da yawa Alhazai ke shigowa, su gaishe mu har gajiyar bara, sannan su dubi silin su ce iyali ba su jin daɗi. Wani Alhaji daga Aubervilliers, a bakin Paris, da aka faɗa masa dokar hannu, sai ya naɗe hannun riga ya ce, "Ki ce mata mata da miji ai abu ɗaya ne, ta taɓa nawa." Inna ta taɓa, ta daɗe, ta ce in gaya masa al'adarsa lafiya lau, amma ya rage gishiri. Ban fassara rabin farko ba.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce ta wani sanyi mai tsanani, wajen tsakiyar shekarun tamanin, in ban yi kuskure ba. Bututun ruwa ya fashe a mangazar da muke ajiya a Aubervilliers, buhunan sassaƙenmu suka jiƙe, kafin a ankara sun yi fumfuna. Inna ta sa aka zubar da su duka, ko wanda ya ɗan tsira ba ta bari ba. Sabon kaya kuma sai jirgin ruwa, wata da watanni. Abin da ya rage mana bai cika gwangwani uku ba. Ta ce daga yau sai wadda ta fi buƙata. A cikin wannan hali wata mata mai suna Lantana ta shigo.

Da kafaɗa ta turo ƙofa, da ƙunshin atamfa a kanta wanda ni da Inna tare ba za mu ɗaga ba. Mace ce kakkaura, za ta yi shekara arba'in, murya kamar mai kiran kasuwa. Ta sauke kayan ba tare da ta ce a kama mata ba, ta zauna, kujera ta yi ƙara.

Na buɗe littafina na rubutu na ce, "Yaya, daga ina?"

Ta ce, "Daga nesa."

Na rubuta nesa. Na ce, "Me ke damunki?"

Sai ta ɗaga kai sama tana lissafi da yatsu kamar mai biya karatun allo. "Kwana goma sha biyu yake yi. Da gudaji. Da jiri. In na hau bene numfashi ya ƙare. Ƙafafu ba ƙarfi." Ta tsaya a yatsa na biyar ta yi tunani. "Shi ke nan, biyar ne."

Inna ta kama hannunta, ta rufe ido, ta buɗe, ta canza hannu. Ta ce mini da Faransanci, "Tambaye ta, ta tabbata? Wannan bugun na mai dakan gero ne." Ta ja fatar idonta, ja wur kamar cikin kankana. Ta dube ni, na dube ta. Inna ta so ta ce ta tafi ta dawo wani watan. Ni ce na hana. Na ce kwana goma sha biyu ba wasa ba ne, kuma akwai yiwuwar, ko da ƙarama ce, wasu jikkunan na ɓoye rashin jini. Na kawo misalai daga karatuna, wasu ma ban tabbata a nan na karanta su ba. Inna ta ɗaga kafaɗa ta ce in ɗora tukunya.

Da aka miƙa wa Lantana kofi ta ce, "A'a, a ƙulla mini, in na je gida na sha."

Na ce doka ce. Ta dubi kofin, ta dubi ƙofa, ta yi bisimilla ta kwankwaɗe. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Madam Diflom, wannan ko maƙiyi aka ba, an zalunce shi."

Da za ta tafi na ce ba zai yiwu mai zubar jini ta ɗauki wannan kaya ba. Ta ce in bari. Na nace. Nauyina a lokacin bai kai na buhun gero ba, amma na kinkimi ƙunshin nan na yi ta tangaɗi har bakin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita tana biye da ni tana cin gyaɗa tana cewa, "Sannu, ƴar boko. Ki bi a hankali, kar ki zubar mini da jari." Sau uku na tsaya hutawa. A na ukun ta ce ko in sha ragowar maganin.

Haka muka yi wata huɗu. Duk wata ta zo sarin kaya Aubervilliers, ta biyo, ta biya karatunta, ta sha ɗaci, in kai mata kaya metiro. In an ce yaya jiki, ta ce, "Da sauƙi, amma a ƙara." Wannan "da sauƙi" ita ta cuce mu, domin da ta ce ba sauƙi, a wata na biyu Inna za ta tura ta asibiti. Ni da na san Bahaushe ko ana yi masa talƙini zai ce da sauƙi, ban kawo komai a raina ba. A wata na uku Inna ta yi tambayar da ba ta cikin biyar ɗin nan. Ta ce wace rana ya fara a wannan watan.

Lantana ta ce, "Sai na tambaya."

Na ce, "Wa za ki tambaya, Yaya?"

Ta ce, "Kaina mana. In na koma gida na natsu."

Na rubuta: marar lafiya tana da mantuwa, watakila alamar rashin jini ce. Har na fara rubuta wa tsohon malamina na jami'a wasiƙa cewa mai yiwuwa, ba tabbas, na ci karo da matar da ke zubar da jini wata huɗu ba ta ragu da komai ba. Sau bakwai na sake rubuta ta. Allah ya rufa mini asiri ban aika ba, don ban gama yanke shawara kan gaisuwar ƙarshe ba.

Da sanyi ya wuce, wata Asabar na hau jirgin ƙasa na safe zuwa Lyon in gaishe da Hajiya Rabi, don na fi shekara ban je ba. Gidan na hawa na huɗu, ba asansar, na'urar hawa bene. Na buga, aka daɗe ba a buɗe ba. Da ta buɗe, sai da ta dafa bango. Muka gaisa, gaisuwar da a da takan kai minti goma, ranar ta tsaya a tsakiya tana neman numfashi. Ta ce gajiya ce kawai, da sauƙi. A gefenta akwai kofi cike da ƙanƙara tana tauna ɗaya bayan ɗaya, ga shi garin ba zafi. Na san wannan alama daga aji, amma na ce wa kaina watakila sha'awa ce. Na ce bari in shiga kicin in ɗora mata shayi.

A kan kantar kicin, bayan gwangwanin sukari, na ga fakiti. Takarda mai ruwan ƙasa, zare ja, ɗaurin da Inna ta koya mini. Na juya shi. Mai yiwuwa ya taimaka, mai yiwuwa bai taimaka ba. Rubutuna ne, har da inda na soke "tabbas" na sa "galibi". A ƙarƙashinsa wasu uku, babu komai ciki, an ninke su tsaf. Ina tsaye da su a hannu sai na ji wata murya na hawowa bene tana waƙa. Aka turo ƙofa da kafaɗa. Lantana ce, da buhun shinkafa a ka, hawa huɗu, ko haki ba ta yi.

Ta gan ni, ta ga fakitin. Ta sauke buhu ta ce, "To. Asiri ya tonu, na huta da ɗaci."

Na jawo ta cikin kicin na ce ta yi magana ƙasa-ƙasa, abin da Allah bai ba ta ba. Ashe ƙanwar Alhaji ce, ta zo daga Damagaram bayan zuwana na ƙarshe. Na ce, "Yaya, me ya sa? Kin san hannun nan da idon nan da ake dubawa..."

Ta ce, "Ke dakata. Ke kika zo nan bara kika cika mata kunne da Inna Kamala, Inna Kamala. To ya kike so ta yi? Ta hau jirgi ta zauna gabanki ta faɗa miki kwana nawa take yi? Ke da ta goya da tuwo? Ta aike ni. Na je aka ce sai da hannu, na ce ga hannu, ai duk na gida ne. Wata huɗu ina shan abin da jaki ba zai sha ba, ba wanda ya ce mini sannu."

Na sauka ƙasa wurin wayar kan titi na kira shago. Na yi bayani, da dogon share fage. Inna ta faɗi wasu kalmomi da yarensu waɗanda ban nemi fassararsu ba. Ta ce, "Duba idonta."

Na ce, "Inna, kamar uwa take gare ni."

Ta ce, "Uwarki ba ta da ido? Wata huɗu muna duba lafiyayya muna ba marar lafiya izinin zama gida. Ki hau ki duba. In fari ne, yau, ba gobe ba."

Na hau. Na durƙusa gaban Hajiya na fara magana. Na yi maganar sanyin bana, na yi maganar yadda abinci a ƙasar nan ba ya gina jiki, na ce wasu masana na ganin, ko da yake ba duka ba, cewa ido kan nuna wasu abubuwa. Hajiya tana kallon bango tana tauna ƙanƙara. Na kai minti ashirin ban iso ko'ina ba. Lantana da ke tsaye bakin ƙofa ta ce, "Wayyo Allah, za a mutu kafin ki gama jimla." Ta tako ta ce, "Hajiya, gafara," ta sa babban yatsa ta ja fatar idonta ƙasa, ta ce mini, "Hannu nawa, ido naki. Duba."

Na duba, ƙiftawa ɗaya. Fari fat.

Hajiya ta gyara lulluɓi, ba ta dube ni ba. Can ta ce wa bango, "Lantana ba ta son asibiti. Ba ta jin Faransanci, kuma maza ne a can."

Na gane Hajiya kanta take nufi. Lantana ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Na ce wa tabarma, "In Lantana ta yarda, za a nemi likita mace. Ni zan yi mata tafinta. Zan juya baya."

Hajiya ta ajiye kofin ƙanƙara. Ta ce, "In haka ne, ina jin za ta yarda."

Lantana ta goya ta a baya har ƙasa, muka tari taksi. A asibiti na cike takarda da sunan Hajiya na gaskiya, na duba shi da katinta sau uku, domin na san in maganar ƙarin jini ta taso, kunya ba ta da wuri a kan takarda. Allah ya taimake mu aka samu likita mace. Muka shiga mu uku. Na ɗauki kujera na juya ta na fuskanci bango, hancina kusa da wani hoton huhu. Likita ta ce lafiya? Na ce al'ada ce. Ta ce to.

Ta fara tambaya ina fassarawa. Hajiya ta ce, "Ki ce mata Lantana takan yi sati biyu, wani lokaci ya ɗauke kwana biyar ya dawo." Na ce wa likita, kamar daga bakin Hajiya, sati biyu nake yi. Hajiya ta ce, "Ki ce Lantana ta faɗi a banɗaki ranar Talata, ba ta gaya wa kowa ba." Daga kusurwa Lantana ta gaskiya ta ce, "Ashe! Ni ban ma sani ba." Abin da Hajiya ta faɗa a minti goma ya ninka biyar ɗin da ake kawo mana shago, kuma kowane ɗaya ya isa Inna ta hana magani. Likita ta tambayi abin da take sha, na lissafa mata duka har ruwan shinkafa. Ta ce ba ta ga abin cutarwa ba, amma wannan ciwo ya fi ƙarfinsu. Sannan ta ce za ta ɗibi jini, a ba ta hannu. Na fassara.

Sai na ji ƙarar awarwaro. Na san ƙarar, wata huɗu ina jin ta. Na waiwaya, ga Lantana ta naɗe hannun riga ta miƙo, don sabo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ba naki ba! Nata!"

Ita ce jimla ta farko da na taɓa yi wa babba ba watakila a ciki, kuma da ƙarfi, har wata ma'aikaciya ta leƙo. Lantana ta janye hannu. Hajiya ta dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun da na san ta. Sannan ta zaro hannunta daga cikin mayafi, siriri, ta ɗora a kan tebur. Na koma na fuskanci huhuna.

Ranar aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin jini. Ƙari aka samu a mahaifa, daga baya aka yi aiki aka cire. Likita ta faɗi abin da zai iya faruwa da an ƙara wata guda, ban fassara wa kowa ba, kuma ba zan rubuta shi nan ba. Da na koma Paris na yaga wasiƙar malamina. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce laifin namu ne mu biyu, ita ta ji bugun ya saɓa da bakin amma ta bar diflom ya rinjayi yatsunta. Daga ranar muka ƙara doka ta huɗu: in baki ya faɗi abu jiki ya faɗi wani, a ajiye sikeli a tambayi mace, cikin ladabi, wa ya aiko ta. A shekarar kaɗai mun kama uku. Ɗaya ma uwar mijinta da ke Maradi take wakilta, tsohuwar da ta daina al'ada tun kafin a haife ni, wadda da mun gan ta da ido ko minti ɗaya ba za ta yi a shago ba sai asibiti.

Shi ya sa da ɗiyar ƙanwata ta ce a rubuto ciwo ta waya, na tambaye ta wa zai ja fatar idon. Ta ce za a iya turo hoto. Na ce idon wa? Ni a wurina mace na iya shigowa da sunan da ta ga dama, ta ce ƙawarta ce, ta ce maƙwabciya ce, zan juya baya in saurara, ba zan kunyata ta ba. Suna a ara, ba komai. Hannu dai sai na mai ciwo.

Hajiya Rabi ta ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk lokacin da na je Villeurbanne, bayan na tambayi Alhaji da yara da gajiya, nakan dubi tabarma in ce, "Hajiya, yaya jikin Lantana?"

Ta ce, "Ta warke sarai. Ta ce a yi miki godiya."

Lantana kuwa tana gefe da kwanon tuwo, ta zuba yaji har ya rufe miya, ta ce, "Ni dai har yau ba wanda ya ce mini sannu."